Masu Gashi a Cikin Ruwan da Na Tace

A daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu abin ya faru. Ba na mantawa, domin ranar da motoci suka cika da mutane za su Katsina ana ta kabbara, ni da yayana Idi muna tsaye a bakin rijiyar gari muna kallon yadda ta rufta. Ruwan kwana biyu ya zaftare bakinta, ƙasa ta bi ta cike ta. Ita kaɗai ce rijiyar da muke da ita a ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Zango da Mai'adua.

Daminar bana ce ta tono mini wannan. Injin rijiyar burtsatsenmu ya ƙone sati biyu da suka wuce, ba a gyara ba tukuna. Shekaranjiya ina dawowa daga ajin yaƙi da jahilci, littafina a hammata, sai na hangi wata tsohuwa da 'yan mata biyu sun nufi tafkin gabas da bokitai, tsohuwar ta saɓa farin ƙyalle a kafaɗa. Ina ganin ƙyallen nan sai na sha gabansu.

A waccan shekara ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, sannan ya ɗauke. Kwana ashirin da wani abu sama fes, rana tana dukan ƙasa har gero ya nannaɗe ya bushe a tsaye. Muka sake shuka da ɗan irin da ya rage, wanda da shi za a ci. Saboda haka lokacin da ruwan ya dawo da ƙarfi, rumbuna sun riga sun zama fayau. A gidana matata Rabi tana dafa tafasa da rama, ta murza ƙuli-ƙuli kaɗan a kai, shi ne abincin rana. Da yamma a dama kunun da za ka ga ƙasan kwano ta cikinsa. Rabi tana da ciki wata shida. 'Yarmu ɗaya, shekararta huɗu, sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Uwani.

Da rijiya ta rufta, gari ya koma tafkin gabas. Ni ke da jaki da amalanke da duro biyu, don haka ɗibar ruwan gari ta faɗo kaina. Kuma na riƙe aikin da alfahari, domin ina ganin babu wanda ya kai ni sanin ruwa. Shekaru kaɗan kafin nan ma'aikatan lafiya sun zo yaƙi da kurkunu, suka raba mana farin ƙyalle mai ƙananan idanu, suka ce duk ruwan tafki a tace da shi. Muka tace, kurkunu ya ɓace daga garin. Mun gani da idonmu. Tun daga nan ƙyallen ya zama mana kamar laya.

Ni ban tsaya a nan ba. Da sassafe nakan shiga tafkin har gwiwa in ɗebo daga inda ba a dagula ba. In ɗaure ƙyalle a bakin duro in tace. In jefa alif in juya, in bari laka ta kwanta. In sake tacewa a duro na biyu. Ruwan da ya fito jawur daga tafki sai ya zama garau, kana ganin ƙasan moɗa.

Sannan akwai karatun Baffa. Baffa Audu ƙanin mahaifina ne, shi ne limaminmu. A shekarar nan kowa ya tashi neman sanin addini, zaurensa yakan cika bayan sallar asuba. Wata rana ya karantar da babin ruwa, ya ce ruwa mai tsarki ne muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai jirkita ba. Na riƙe abu ukun nan gam. Kowane duro sai na duba launi, na kurɓa, na shinshina, sannan in kora jaki.

Wanda ya fara kwanciya Ɗanladi ne, dillalin shanu. Ya dawo daga kasuwa da amai da gudawa, kwana ɗaya ya rasu. Washegari na ga 'yan gidansu suna wanke tufafinsa da tabarmarsa a gefen tafkin, can ɓangaren kudu. Na gani. Na ce a raina ruwa ne mai yawa, launinsa bai canja ba, kuma ni daga arewa nake ɗiba. Na cika durona na tafi.

Kwana uku bayan haka aka yi gayya a gonar Yaya Idi. Ciyawa ta ci ƙarfinsa, maimai ya makara. Mutum kusan talatin suka jeru da fartanyoyi tun hantsi, ƙasa jiƙe, zafi yana tasowa daga cikinta kamar tururin tukunya. Abinci babu, sai farau-farau da matan gida suka dama da ɗan geron da aka harhaɗo, da ruwana. Ni ke zagayawa da ƙwarya.

Taubashina Haruna ya karɓa ya ɗaga ƙwaryar sama yana leƙawa.

"Sarkin ruwa! Yau ma sai da ka yi masa wankan amarya?"

"Sha ka ba na bayanka, malalaci. Kunyarka ɗaya tun safe."

"Ni dai tsorona kada ka tace geron ma ya tafi. Jama'a, ku duba, wannan farau-farau ne ko hawaye?"

Aka yi dariya. Yaya Idi ya sha ƙwarya biyu, ya goge baki da bayan hannu ya ce, "Ku bar ƙanina. Ruwan Sale ko a birnin Daura ba a shan irinsa." Na ji daɗin maganar nan har raina.

Bayan kwana biyu mutane suka fara faɗuwa. Ban taɓa ganin ciwo mai sauri irinsa ba. Mutum zai yi sallar asuba da mu, kafin azahar idanunsa sun faɗa, fatar hannunsa in ka ja ta sai ta tsaya a tsaye. Gudawar fara ce kamar ruwan wankin shinkafa. Yaya Idi, wanda ke ɗaukar buhu shi kaɗai, ya kwanta da hantsi, kafin la'asar muryarsa ta shige, washegari da safe muka kai shi. Duk tsawon jinyar ƙishirwa yake kuka da ita, ni kuma ina ta ba shi ruwana moɗa bayan moɗa.

Muna dawowa daga maƙabarta na cika randunan gidan makoki, domin masu zuwa gaisuwa. Ina shiga gidana na tarar da Rabi a durƙushe bayan ɗaki, Uwani kuma a kwance kan tabarma ta jiƙe. Ban tsaya shawara ba. Na sauke durona, na shimfiɗa tabarma a amalanke na ɗora su, na cika jarka da ruwan da na tace da safe. Na taɓa ji a rediyo cewa a ba mai gudawa ruwan gishiri da sukari, don haka na karɓi sukari wurin mai shayi na haɗa a kwano. Tafiyar ta fi awa biyu a cikin caɓi. Duk inda jaki ya tsaya in ɗago kan Uwani in ba ta. Tana sha tana kallona.

Asibitin ya cika, an kafa rumfuna a fili, majinyata a jere, warin magani yana hawa kai. Aka sa wa Rabi ƙarin ruwa. Uwani sai da aka daɗe ana neman jijiya kafin a samu a ƙafa. Ina tsugune kusa da ita zan zuba ruwa a kofi, sai na ji an riƙe jarkar. Wani dattijo ne mai farar riga, tabaransa ɗaure da zare. Daga baya na ji sunansa Malam Lawal, shi ne mai awon jini da bayan gida.

"Wannan ruwan daga ina?"

"Na tafkinmu ne, Likita, amma tatacce ne. Sau biyu, da alif. Duba ka gani."

Ya ɗaga jarkar ya duba. "Garau kuwa. Taso mu je."

Ya kai ni wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. A kan tebur akwai madubin likita, irin wanda ake leƙawa ta sama da ido ɗaya. Babu wuta, sai ya juya wani ɗan madubi a ƙasansa ya tari hasken taga. Ya tsiyayo ruwana daga ƙasan jarka, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi, ya sa a ciki, ya murɗa, ya murɗa, sannan ya matsa gefe.

"Leƙa."

Da farko haske kawai na gani, zagaye kamar faifai. Sai wani abu ya gifta. Na ɗauka gashin idona ne, na goge na sake leƙawa. Ga shi nan ya dawo. Halitta ce, doguwa kamar tafin silifa, kana ganin cikinta. Jikinta kewaye yake da gashi gajeru, cunkus kamar na gizaka, kuma gashin nan motsi yake yi. Ba kaɗawar iska ba, aiki yake yi. Na farko ya sunkuya, na kusa da shi ya bi, na gaba ya bi, har layin ya ƙare a sake daga farko, daidai yadda fartanyoyi ke sauka a layin gayya. Da wannan take tafiya. Ina kallo ta je ta ci karo da wani ɗan datti, ta ja da baya, ta juya, ta sake hanya. Wata ƙarama ta wuce ta gabanta tana mirginawa. Wata mai gashi ɗaya dogo a gaba tana kaɗa shi kamar bulala.

Na yi baya har na ture kujera. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Likita, me ka sa a ciki?"

"Ni? Ruwanka ne."

Ya zaro gilashin ya miƙo mini. Na kai shi taga na duba. Ɗigon ruwa ne, fari tas, bai kai ƙwayar dawa ba. Na shinshina. Wallahi sai da na shinshina.

Ya ce, "Waɗannan masu gashin ba su ke kashe ku ba. 'Yan tafki ne, kowane tafki da su. Abin da nake so ka gani, su da girmansu sun wuce ta ƙyallenka ko a jikinsu. An yi ƙyallen nan ne don kurkunu, kuma ya yi aikinsa. Mai kisan ya fi waɗannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba."

Ya ɗauko wani gilashin, ya ce daga gudawar wani majinyaci ne. Na leƙa ba don ina so ba. Wasu ɗigo-ɗigo ne ba iyaka, suna harbawa nan da can kamar tartsatsin wuta, ido ba ya iya bin ɗaya.

"Me ke gudu da su haka?"

"Gashi ɗaya gare su a gindi. Siriri ne ƙwarai, wannan madubin ba ya nuna shi. Juya shi suke yi kamar maburgi, shi ke tura su. Da shi suke iyo a tafki, da shi suke iyo a hanjin mutum har su sami wurin maƙalewa."

Sai ya zuba ruwana a wata 'yar kwalba, ya riƙe a kan 'yar fitila har ya tafasa, ya bari ya huce, ya sake ɗigawa. Na leƙa. Tsit. Na ga ɗaya daga cikin masu gashin ta tsaya cak, ta kumbura, layin gayyar nan ya daina.

Ya ce, "Wa ke shan tafkin nan?"

"Gari duka."

"Wa ke ɗebo musu?"

Na ce, "Ni."

Bai zage ni ba. Ya cire tabarau ya goge da rigarsa. "To kai za su yarda da kai. Ma'aikatanmu ba za su kai gare ku ba sai jibi, garuruwa da yawa ne. Koma yanzu. Kada kowa ya sake kai ruwa baki sai ya tafasa."

A nan na tuna randunan gidan makoki da na cika da hannuna.

Na koma rumfa. Uwani ta buɗe ido ta ce, "Baba, ruwa." Jarkar tana hannuna. Na kasa ba ta, na kasa ajiyewa. Wata ma'aikaciya ta kawo nasu a kofi ta ɗura mata da cokali. Na tsuguna kusa da Rabi na gaya mata abin da na gani, na ce amma ba zan iya barin yarinyar nan a haka ba.

Muryarta da ƙyar take fita. "Malam, zamanka zai ƙara mata jini ne? Innarka tana can gida. 'Ya'yan Yaya biyar suna can. Tashi."

Na tashi. Na tuttular da jarkar a kwata, na kora jaki.

Na isa gari bayan la'asar. Ƙofar gidan Yaya cike da masu gaisuwa a kan tabarmi, moɗa tana yawo daga hannu zuwa hannu. Ban yi sallama ba. Na fizge moɗar daga hannun wani baƙo, na sa kafaɗa na ture randar farko, ta fashe, ruwa ya bi ƙarƙashin tabarmi. Na nufi ta biyu. Haruna ya rungume ni ta baya.

"Sale! Sale, yi salati! Jama'a, mutuwar nan ta taɓa shi."

"Sake ni! Ruwan ne! Akwai masu rai a ciki, da gashi, suna tafiya. Na gani da idon nan!"

Wani ya ce aljanu ne suka buɗe mini ido. Baffa ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce in zauna in faɗa daga farko. Na faɗi komai, har wankin tufafin Ɗanladi da na gani na yi shiru. Na ce, "Baffa, na duba launi, na ɗanɗana, na shinshina. Ko sau ɗaya ban tsallake ba."

Ya kalli ruwan da ke bin ƙasa. Sannan ya ce, "Ruwan alwala na karantar da ku, Sale. Ba ruwan sha ba."

"Ni ban raba su ba, Baffa."

"Ni ma ban raba muku ba." Ya miƙe da ƙyar, ya je da kansa ya karkata randa ta biyu har ta ƙare. Ya sa aka yi shela a masallaci cewa kada a sha ruwa sai an tafasa.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Tsakiyar damina ce, itace duk a jiƙe, karan bara ya ƙare tun bazara. Na je na tumɓuke darnin gidana, na kawo ƙofar masallaci. Aka kafa duwatsu, aka ɗora durona biyu a kan wuta. Kara ba ya daɗewa, kafin duro ɗaya ya tafasa rabin darnin ya tafi. Wasu suka kawo jinkar rumbunan da babu komai a ciki. Da abin ya ƙi isa na sa gatari na faskara katakon amalankena. Hayaƙi ya cika unguwa, idanu suna hawaye, mata suna aiko da tukwane. Ruwan ya fito da ɗumi da warin hayaƙi.

Haruna ya kurɓa ya yamutsa fuska. "Yanzu duk garin nan jego za mu yi ke nan? Har da Baffa?"

Ba wanda ya yi dariya sai Baffa. Haruna ya shanye, ya je ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya jefa a wuta.

Da gari ya waye na cika jarka da tafasasshen ruwa, na ɗora wa jaki, na kama hanya a ƙasa. Duk tafiyar abin da nake ayyanawa shi ne yau in ta ce ruwa zan ba ta da hannuna. Na isa da hantsi. Rabi tana zaune an jingina ta da ginshiƙin rumfa. Tabarmar da ke kusa da ita akwai wani yaro a kai, ba Uwani ba. Rabi ta buɗe tafin hannunta, 'yan kunnen yarinyar ne a ciki. Ta ce tun jiya da magariba. Na lissafa, daidai lokacin da nake tumɓuke darni. Na tsaya da jarka a hannu ban san inda zan ajiye ta ba.

Ma'aikatan lafiya sun zo kamar yadda dattijon ya ce, suka zuba magani, suka hana wanki a tafki. Bayan mun fara tafasawa mutum biyu kawai suka ƙara rasuwa, su ma sun riga sun kamu. Waɗanda suka rage da ƙarfi muka yi gayyar rijiya, kwana goma sha biyu muna fitar da laka da guga. Gonaki kuwa ciyawa ta cinye su, domin masu maimai suna kwance ko suna haƙar rijiya.

Shekaranjiya da na tare tsohuwar nan da 'yan matan, na fara ba su labarin masu gashi. Ƙaramar ta ce, "Baba, ai mun sani, akwai hotonsu a littafinmu, har jarrabawa an yi mana." Na ce to da me za ku tafasa? Suka kalli juna. Ashe itacen ne babu. Na kai su bayan gidana, inda tun daga waccan shekara nake tara kara da itace a ƙarƙashin rumfa kowace kaka. Rabi takan ce rumfar ta fi ɗakinta kyau. Na buɗe musu, na aika wa Haruna ya zo da duro.

Abin da muka rasa a daminar nan, ga shi. Mutum goma sha ɗaya a garinmu, bakwai daga cikinsu sun sha farau-farau daga hannuna ranar gayya. Geron shekara, ban da dami tara da na samu a gonar da ke ba ni sittin. Darni ɗaya, amalanke ɗaya, randa ɗaya. Yayana Idi. Cikin Rabi, namiji ne, ya zube a kwana na uku. Da 'yata, wadda ban taɓa kiran sunanta da bakina ba saboda na mahaifiyata ne. Hadiza. Shekara huɗu da wata biyu.